Gardi da Kolo a Fagen Rubutu: Rainon Marubutan Sakandare a Hannun Ɗaliban Jami'a a Ƙasar Dutse



An nemi in yi magana a kan dangantakar jami'a da garin da take zaune a cikinsa. Wannan fage ne mai faɗi, wanda idan mutum ya ce zai kewaye shi duka a zama ɗaya, to, sai dai ya yi ta shara ba tare da ya kama komai ba. Saboda haka na zaɓi ƙurya ɗaya wadda ta shafi sana'ata, watau rubutu. Abin da nake so in kawo a gabanku shi ne, ya kamata ɗaliban manyan makarantunmu su riƙa zuwa makarantun sakandare na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun da Miga da Buji da Gwaram, su zauna da yaran da suke da sha'awar rubutu, su raine su. Kuma a ƙidaya musu wannan zama a cikin karatunsu na neman digiri, kamar yadda ake ƙidaya kowane darasi.

Bari mu fara duba inda muke. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Shekara 20 bayan haka, a 2011, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, sa'an nan a 2013 jiha ta kafa tata jami'ar a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo. Ga Kwalejin Ilmi ta Gumel, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a nan Dutse, ga Kwalejin Shari'a da Ilmin Addinin Musulunci ta Ringim. Watau dai yaron da ya tashi a wannan yanki a yau ba ya bukatar ya je Kano ko Zariya kafin ya ga ɗan jami'a da idonsa. Yana haɗuwa da shi a tasha, suna shiga mota ɗaya, suna sayen ƙosai a wuri ɗaya. Amma idan aka zo batun karatu, sai ka ga kamar akwai ganuwa a tsakaninsu. Ɗan jami'a ba ya shiga sakandare sai in an tura shi gwajin koyarwa, shi kuwa ɗan sakandare bai san abin da ake yi a bayan shingen jami'a ba, sai labari.

To, mene ne ɗan sakandare yake rubutawa? Galibi insha'i ne irin na shirin jarrabawar WAEC da NECO: wasiƙa zuwa ga aboki, bayanin ranar kasuwa, muhawara a kan noma da fatauci. Ba na raina waɗannan, domin da su ake cin jarrabawa. Sai dai mu tambayi kanmu, wa yake karanta su? A ce malamin Hausa ko na Ingilishi yana riƙe da aji huɗu, kowane aji da ɗalibi 60. Ɗalibi 240 ke nan. Idan ya ba su insha'i ɗaya, ya ce zai ba kowace takarda minti biyar kacal, yana bukatar awa 20 kafin ya gama, ban da shirya darasi da koyarwa da hidimar gidansa. Babu mai hankalin da zai zargi wannan malami don ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kurakurai, ya sa maki, ya wuce. Abin da yaro ya koya a nan shi ne, rubutu wani abu ne da ake miƙawa a dawo maka da shi da jan jini a jikinsa. Yana iya gama shekara shida a sakandare ba a taɓa samun wanda ya karanta abin da ya rubuta ya ce masa, "Sa'an nan sai me ya faru?" ba.

Abin da muka gada

Wani zai ce wannan shawara tawa baƙuwa ce, daga Turai na ɗauko ta. Zan zo kan Turawa, amma bari in fara da gida.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san malam ɗaya ba ya iya biya wa kowane almajiri karatu, balle ya rubuta wa kowa allo. A tsangaya akwai matakai: akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, kafin a kai ga malam da alaramma da gwani. Gardi shi ma ɗalibi ne, yana da allonsa, yana da haddar da yake fama da ita. Amma shi ne yake feƙe wa kolo alƙalami, ya nuna masa yadda ake tsoma shi a tawada, ya rubuta masa in ya wanke allo, ya biya masa, ya saurare shi. Malam yana zaune yana lura, sai an kai inda ya gagara a zo gare shi. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, gardin da ya biya wa yara sura ɗaya sau 30 ba zai ƙara mantawa da ita ba har abada. Yana ba da hidima, kuma hidimar ita ce karatunsa. A nan sai in ce, abin mamaki ne yadda muka ari kalmar "tsangaya" muka laƙaba wa manyan rassan jami'a, muna cewa Tsangayar Fasaha, Tsangayar Ilmi, amma muka ɗauki sunan muka baro tsarin a can gindin bishiya.

Kazalika Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin matsalar da malaminmu mai ɗalibi 240 yake fuskanta, har ma ta fi tasa, domin nata ɗaliban mata ne da ke warwatse a ƙauyuka, waɗanda ba za su iya barin ɗakunansu ba. Sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta koyar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta sa mata malfa, su kuma suka riƙa kai waƙoƙin karantarwa ga matan garuruwansu. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Turawa ma da suka tashi faɗaɗa ilmi ga talakawansu, irin wannan dabara suka kama. Andrew Bell ya gan ta a Madaras ta ƙasar Indiya, ya buga bayaninta a 1797, Joseph Lancaster kuma ya buɗe makarantarsa a Landan a 1798, inda manyan yara suke koyar da ƙanana.

Sai dai misalin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na yadda aka haifi ƙagaggen labari na boko a ƙasar Hausa. A 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na hira da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ina so ɗaliban da ke wannan zaure su lura da shekarun waɗannan mutane. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa kuma a 1912. Watau lokacin gasar ɗaya yana da shekara 22, ɗayan 21, sa'o'in waɗanda ke aji uku ko aji huɗu na jami'a a yau. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, kuma Bello Kagara yayansa ne. Ba daga sama Imam ya faɗo da gwanintarsa ba. Ya sami mai karanta masa daftari. A 1936 aka kai shi Zariya ya zauna tare da East na wasu watanni, aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, yana rubutawa ana dubawa ana tattaunawa, har aka sami Magana Jari Ce. Daga nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939.

Wannan tarihi yana da fuska biyu, kuma dukkansu suna da amfani a gare mu. Fuska ta farko, matashi mai baiwa da ya sami mai zama da shi a kan rubutunsa yana iya yin abin da za a shekara 90 ana karantawa. Fuska ta biyu kuwa tana kan bangon Jiki Magayi, inda sunan mai raino ya zauna kusa da na wanda ake raino. East ya yi gaskiya da ya sa sunansa, tun da hannunsa ya shiga aikin. Amma wannan ya nuna mana cewa tazarar da ke tsakanin taimaka wa mutum ya rubuta da rubuta masa ba ta da yawa. Zan komo kan wannan.

Abin da wasu suka yi

A Amurka ne aka ba wannan tsari suna aka shigar da shi manhajar jami'o'i. Sunan da suka ba shi, in an juya shi zuwa Hausa, shi ne koyo ta hanyar hidima. Tushensa yana komawa ga ra'ayin John Dewey, wanda ya yi ta nanata cewa mutum yana koyo ne daga abin da ya aikata sa'an nan ya zauna ya yi tunani a kansa. Robert Sigmon da William Ramsey ne suka fara amfani da sunan a ƙarshen shekarun 1960, a 1985 kuma wasu shugabannin jami'o'i suka kafa ƙungiyar Campus Compact don yaɗa shi. A wata maƙala da Sigmon ya buga a 1979 ya kafa sharuɗɗa waɗanda na ga sun dace da mu ƙwarai: waɗanda ake yi wa hidima su ne za su faɗi irin hidimar da suke so, su fito daga cikinta sun fi ƙarfin tsayawa da ƙafarsu, shi kuma mai hidimar ya san cewa shi ma ɗalibi ne.

Ta fuskar rubutu, misalin da ya yi suna shi ne na birnin Pittsburgh, inda Farfesa Linda Flower ta Jami'ar Carnegie Mellon ta haɗa kai da wata cibiyar unguwa. Ɗaliban jami'a sukan ɗauki darasi a kan rubutu da al'umma, sa'an nan kowannensu ya zauna da wani matashi ɗan sakandare na tsawon makonni. Abin da matasan suke rubutawa shi ne abin da ya dame su, kamar korar ɗalibai daga makaranta da zamansu da 'yan sanda. A ƙarshe a buga abin da suka rubuta, a kira taron unguwa, a karanta a gaban iyaye da hukumomi. Ba na cewa mu kwafo wannan yadda yake. Damuwar yaron Pittsburgh daban, ta yaron Kiyawa daban. Abin ɗauka a ciki shi ne an ba yaron mai karatu guda ɗaya tun yana rubutawa, sa'an nan aka ba shi jama'a masu sauraro bayan ya gama.

Mu ma a Nijeriya ba mu rasa al'adar tura matasa hidima ba. Tun 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, kuma 'yan hidimar suna da ranar aikin raya al'umma. A 1980, lokacin da wannan yanki yake cikin Jihar Kano, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci wadda har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Amma hidimar ƙasa tana zuwa ne bayan an gama digiri, lokacin da babu sauran malamin da zai tambayi matashi abin da ya koya. Gwajin koyarwa kuwa, ɗalibi yana tsaye ne a gaban aji cike, ya zama ƙaramin malami mai alli da jan biro, ya gaji matsalar da muka fara da ita. Gurbin da babu kowa a cikinsa shi ne na gardi, mai zama a tabarma ɗaya da yaro.

Yadda zaman zai kasance

A ganina ɗalibi ɗaya kada ya wuce yara uku ko huɗu, kuma su ne nasa daga farkon zango har ƙarshensa. Sau ɗaya a mako ya isa, awa ɗaya da rabi bayan an tashi daga darasi, a cikin harabar makarantar, da sanin shugabanta, kuma malamin harshe na makarantar yana kusa. Kada a zaɓi yara da makin jarrabawa. A yi shela, mai so ya zo. Sau da yawa yaron da ke cike bayan littafin lissafinsa da waƙoƙi ba ya cikin goman farko a aji. Kuma a bar yaro ya zaɓi harshen da zai yi rubutu da shi, Hausa ko Ingilishi. Wannan yanki yana da Fulani da yawa, akwai kuma Warjawa a wajen Birnin Kudu. Idan aka sami ɗalibin jami'a mai jin Fulatanci da yarinyar da take so ta rubuta tatsuniyar kakarta da shi, ban ga dalilin hana su ba. Mai ajami ma a bar shi da ajaminsa.

Bari in kwatanta zaman da misali. A ce wata yarinya daga Jahun ta rubuta labarin ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a wannan jiha. Ta rubuta cewa ruwa ya yi ta'adi ƙwarai, jama'a sun shiga mawuyacin hali, ya kamata gwamnati ta kawo ɗauki. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, kuma mai jan biro zai ba ta maki mai kyau. Amma wannan harshen rediyo ne, ta ji ana faɗa ta ɗauka haka ake rubutu. Ɗalibar jami'a da ke zaune kusa da ita sai ta ajiye biro ta ce, "Ƙanwata, da dare ruwan ya shigo ko da rana?" Ta ce da dare. "Wa ya fara farkawa?" Ta ce Inna. "Me ta fara ɗauka?" Sai yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, wallahi buhun gero ta fara ja, ta sa ni na goya Auta." To, ga labarin ya fito. Aikin yayar shi ne ta ce mata, rubuta wannan yadda kika faɗa mini. Jumlolin na yarinyar ne tun daga farko har ƙarshe. Abin da aka ba ta tambaya ce kawai.

Gyaran ƙa'idojin rubutu shi ne na ƙarshe, bayan labari ya tsaya da ƙafarsa. Ban ce a yi watsi da shi ba, ni da nake cin abinci da shi. Wayar hannu ta saba wa yaranmu barin ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, har ba a bambanta baƙi da baki, ko ƙafa da kafa, ko ɗaura da Daura, ga kuma haɗe kalmomi irin "yace" da "acikin" da "nagode". Amma idan aka fara da wannan, yaro zai koma cikin ƙoƙonsa kamar kunkuru. A nan ne kuma ribar jami'a take. Duk malamin da ya duba kundin neman digiri ya san ɗalibanmu ma ba su tsira daga waɗannan kurakurai ba, ko da sun ci darasin ƙa'idojin rubutu. Ranar da yaro ɗan shekara 15 ya dubi ɗalibinmu ya ce, "Yaya, don me ake raba 'ya' da 'ce' amma ba a raba 'yana' ba?" ranar zai koma ɗaki ya buɗe littafin nahawun Galadanci da kansa, ba don jarrabawa ba, don kada ya ji kunya a mako mai zuwa. Haddar gardi ke nan.

Saboda haka ne nake cewa a sa shi cikin manhaja. Aikin sa kai yana da lada, amma yakan mutu ranar da jarrabawa ta matso. Idan darasi ne mai maki, to, akwai malamin da zai shirya ɗalibai na mako biyu ko uku kafin su fita, akwai littafin da kowane ɗalibi zai riƙa rubuta abin da ya faru a kowane zama da abin da ya fahimta, akwai kuma haɗuwa a aji inda za a baje matsaloli a tattauna. Wannan komowa aji a yi tunani ita ce ta raba koyo ta hanyar hidima da aikin gayya.

Inda ake tuntuɓe

Babban haɗari shi ne wanda na ambata a kan Jiki Magayi. Ɗalibin jami'a yana da zumuɗi, yana so a ga yaransa sun fi na kowa, sai ya karɓi takarda ya gyara wannan jumla, ya sauya waccan, kafin a ankara labarin ya zama nasa. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, tun da akwai manhajojin kwamfuta da ke iya tsara insha'i cikin ƙiftawar ido. Maganin wannan yana hannunmu mu malamai. Idan muka auna ɗalibi da kyawun labarin yaronsa, mun tura shi ga ha'inci da hannunmu. A auna shi da sawun aikin: daftari na farko da rubutun hannun yaron, da tambayoyin da ya yi masa, da daftari na biyu, da na uku. Yaron da ya taso daga layi biyar zuwa shafi guda na kansa ya fi mini shaida a kan mai rainonsa fiye da labari mai santsi wanda ba a san inda ya fito ba. Ni da za a bi tawa, da an hana mai raino riƙe biro a lokacin zama.

Na biyu shi ne girman kai. Ɗalibin da ya shiga sakandare yana ganin ya zo ceton jahilai ya riga ya faɗi. Malamin Hausa da ya shekara 15 a makarantar ya san yaran, ya san iyayensu, ya san wadda za a cire a aurar da wanda ke zuwa aji bayan ya dawo daga kiwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dole a fara da shi, a tambaye shi abin da yake bukata, a sa sunansa a cikin duk abin da aka buga. Wani reshe na wannan girman kai shi ne raina karin harshe. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa Kananci, kuma ita za a koya wa yaro don jarrabawa da rubutun hukuma. Amma idan tsohuwa ta yi magana a cikin labarinsa da Hausar ƙauyensu, ko da Hausar da Fulatanci ya ratsa, kada a taɓa mata baki. Wanda ya goge wannan ya goge abin da babu wanda zai iya rubutawa sai yaron.

Akwai batun 'yan mata, wanda ba a wasa da shi. Mata su raini mata, maza su raini maza, a fili, a cikin makaranta, da yardar iyaye a rubuce, kuma babu musayar lambar waya tsakanin mai raino da yaro. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya rufe ƙofar kowace makaranta a jihar. Amma kada tsoron wannan ya sa a bar makarantun mata a baya, domin tarihi ya nuna inda alƙalamin yake. Tun da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, sa'an nan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin wasu suka biyo baya, mata suke riƙe da babban kaso na ƙagaggun labaran Hausa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata zalla ta ƙara tabbatar da haka.

Sai kuma kalanda. Zangon jami'a da na sakandare ba sa tafiya tare, ga kuma yajin aiki: na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaron da aka yi wa alkawarin za a dawo Laraba, aka yi Laraba huɗu ba a zo ba, ya koyi wani darasi game da manya wanda gara a ce bai koya ba. Don haka kowane rukuni ya zama aikinsa mai ƙarewa ne a cikin mako takwas zuwa goma, kuma kulob ɗin rubutun ya zama mallakar makarantar, a hannun malaminta, yadda ko jami'a ta rufe ba zai mutu ba. Kuɗin mota kuwa, kada a ɗora wa ɗalibi. A fara da makarantun cikin Dutse, waɗanda ake iya zuwa da ƙafa ko a babur, in abin ya kafu a miƙa zuwa Kiyawa da Birnin Kudu.

Wani zai tambaya, me yaran za su rubuta? Wannan ita ce tambayar da ba ta dame ni ba ko kaɗan. Yawancin littattafan hira da yaranmu suke karantawa a Kano aka saka labarinsu, ko Kaduna, ko Abuja, har yaro ya ɗauka cewa labari ba ya faruwa a garinsu. Alhali ga duwatsun da suka ba Dutse sunanta, ga tsohuwar unguwar Garu, ga dabinon da aka san garin da shi. Tarihin Kano ya ambaci yaƙin Sarkin Kano Kumbari da Ada na Dutse a ƙarni na 18. A aiki yaro ya tambayi dattawan unguwarsu abin da suka ji game da shi. A Birnin Kudu akwai zane-zanen shanu a jikin duwatsu waɗanda masana suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, a garin da Kwalejin Gwamnati take, wadda ta yaye manyan mutane da yawa, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. Yara nawa ne a garin suka taɓa zuwa suka tsaya a gaban zanen suka rubuta abin da suka gani? Ga kasuwar Shuwarin, ga ta Sara, da dillalansu da 'yan kamasho da masu awo. Akwai kuma abin baƙin ciki. A Oktoban 2024 tankar mai ta yi bindiga a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu. Jaridun duniya sun ba da adadi sun wuce. Waɗanda suka san sunayen mamatan, suka san wanda ya bar mata da goyo, suna zaune a azuzuwan sakandare na wannan yanki. Irin wannan ba a tilasta wa yaro ya rubuta shi, kuma mai raino yana bukatar shiri na musamman kafin ya taɓa shi. Amma idan yaron ya kawo shi da kansa, ya kamata ya tarar da wanda zai saurara.

A ƙarshen kowane zango a tattara abin da yaran suka rubuta a buga ɗan littafi, ko da shafi 40 ne a injin kwafi, kowane labari da sunan mai shi da sunan makarantarsa, sunayen masu raino kuma a shafin baya. A kira iyaye da hakimi da jami'an Ma'aikatar Ilmi, yaran su tashi su karanta da bakinsu. A ajiye kwafi a ɗakin karatun makarantar, a ajiye wani a na jami'a, a nemi gidan rediyon jiha ya ba su minti 15.

Roƙona ga Majalisar Dattawan jami'a shi ne ta amince da darasi guda na gwaji ga ɗaliban harshe da adabi da na ilmi da ke aji uku. Ga shugabannin sakandare da ke zaune a nan kuwa, ina neman makarantu biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, da aji guda wanda ba a kulle shi bayan la'asar. Ɗalibi 20 da yaro 60 sun isa a fara da su.